Hotonsa ya zagaye Arewa, sunansa bai bar unguwa ba

Bayan wata Ƙaramar Sallah a 'yan shekarun baya, akwai wani hoto da ya riƙa faɗowa cikin wayata ta ko'ina. Wani mahayi ne a wajen Hawan Daushe, dokinsa ya ɗaga ƙafafun gaba, ƙura ta turnuƙe a bayansa, ranar la'asar ta haske rawaninsa. Na fara ganin hoton a zauren WhatsApp na danginmu. Washegari na gan shi a shafuka huɗu ko biyar na Facebook. Kafin mako ya zagayo, sai ga shi a fostar barka da Sallah ta wani ɗan siyasa, an manna tasa fuskar a gefe.

Ashe wanda ya ɗauki hoton ɗan wani aminina ne, tela a Tudun Wadar Zariya, wanda in ya tashi daga kan keke da yamma yakan zagaya da wayarsa yana ɗaukar abin da ya ba shi sha'awa. Ya rubuta sunansa a ƙasan hoton, amma tun a hannu na biyu ko na uku wani ya datse wurin. Da na yi masa murna sai ya ce min: "Baba, yaɗuwar ta yi min daɗi. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, da na shiga ƙarƙashin wani shafi na ce ni na ɗauka, sai aka ce in ji tsoron Allah in daina ƙarya."

Jama'a da yawa sun ga aikin yaron nan, amma ko mutum ɗaya bai neme shi ya ba shi aikin hoto ba, domin babu wanda ya san inda zai same shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Shawarar da aka saba ba matasa irinsa ita ce su yawaita wallafa hotuna, su tara mabiya, su bi abin da ake yayi. Ni dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Hoto mai kyau ba ya rasa masu yaɗa shi a wannan zamani. Abin da ke ɓacewa a hanya shi ne sunan wanda ya ɗauka da labarin abin da ke ciki. Duk wanda yake son aikin wani mai ɗaukar hoto na sha'awa ya isa ga jama'a, to babban aikinsa shi ne ya ga cewa hoton bai rabu da mai shi ba.

Darasi daga Bamako

Matsalar ta girmi wayar hannu. Seydou Keita ɗan Bamako ne da ya taso a sana'ar kafinta. Kawunsa ne ya kawo masa tsarabar ƙaramar kyamara a 1935, ya fara ɗaukar 'yan uwa da maƙwabta, har ya buɗe shagon hoto a 1948. Shekaru yana ɗaukar mutanen garinsu cikin kwalliya, wasu riƙe da rediyo, wasu a kan keke ko babur.

A 1991 aka baje wasu daga cikin hotunansa a wani baje koli a birnin New York na Amurka, aka rubuta a ƙasansu cewa ba a san wanda ya ɗauka ba. Alhali kuwa mutumin yana nan da ransa a Bamako. Sai da wani Bafaranshe mai suna Andre Magnin ya ɗauki kwafin hotunan ya tafi Mali yana tambaya, wani gwanin hoto na garin, Malick Sidibe, ya duba ya ce ai aikin Keita ne. Da aka je wurinsa, sai aka tarar ya adana dubban dodannin hotunansa, wato fim ɗin da ake wanke hoto daga jikinsa. A 1994 aka shirya masa baje koli na kansa a Paris, kuma kafin rasuwarsa a 2001 duniya ta san shi.

Abin lura a nan shi ne, kyan hotunan bai canja ba tsakanin 1991 da 1994. Suna ne ya dawo jikinsu. Kuma da bai adana asalin aikinsa ba, da ko an gano shi babu abin da zai nuna. Yau ɗan ƙaramin tela a Zariya yana cikin halin da Keita ya shiga, sai dai nasa ya fi sauri: abin da ya ɗauki shekaru a can, a nan kwana uku ya isa.

Idan dambu ya yi yawa

Amma kafin a ɗora laifi duka a kan masu datse suna, su ma matasan suna da nasu gyaran. Ka shiga shafin mai ɗaukar hoto ɗan koyo, za ka ga faɗuwar rana, sai kyanwa, sai hoton kansa, sai farantin shinkafa, sai doki, sai saƙon Juma'a. Hotuna arba'in daga wuri ɗaya, duk an zuba su lokaci guda. Baƙon da ya leƙo ba zai san me zai riƙe ba. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Waɗanda sunansu ya zauna a zukatan mutane galibi abu ɗaya suka kama suka riƙe. J.D. Okhai Ojeikere, ɗan Najeriya da ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitson mata a 1968, ya ci gaba shekara da shekaru har ya tara kusan dubu. A 2013 an nuna su a babban baje kolin fasaha na birnin Venice da ke Italiya. Kitso ne dai, wanda kowa ke gani kullum a gidansu.

Ga kuma misali na kusa. Fati Abubakar 'yar Maiduguri ce da ta karanta aikin jinya. A 2015, lokacin da duniya ba ta jin komai game da Borno sai bam da gawa, ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram. Ta riƙa ɗaukar 'yan makaranta, 'yan kasuwa, masu biki, 'yan gudun hijira, tana haɗa kowane hoto da ɗan labarin mai shi. Ba a daɗe ba manyan kafafe irin su BBC da New York Times suka ba da labarin aikinta. Sun same ta ne domin shafin yana da fuska ɗaya: duk wanda ya buɗe shi ya san garin da ake magana a kai, ya san kuma wadda ke maganar.

Abin ɗauka bai ƙare ba a ƙasar Hausa. Ga marinar Ƙofar Mata a Kano, ga badalar da ke zaizayewa, ga tsofaffin gidajen ƙasa masu zankwaye da ake rushewa ana gina na bulo. Ga dukawa da maƙera da masu sassaƙa turmi, ga kasuwar ƙauye ranar ci, ga masunta a Argungu a ranakun da babu biki. Matashin da ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan ya bi shi shekara biyu, yana fitar da hoto ɗaya ko biyu masu kyau a mako, ya fi wanda ke zuba hamsin kullum damar a tuna da shi.

Hoto yana buƙatar bayani

An ce gani ya kori ji, amma hoton da ba shi da bayani kowa na iya ɗora masa labarin da ya ga dama. Mun sha ganin hoton tsohuwar ambaliya ko na wani rikici a wata ƙasa an dawo da shi an ce jiya abin ya faru a garinmu. Layi biyu sun isa su toshe wannan ƙofa: me ke faruwa, a ina, a wace rana, wa ya ɗauka. Editan jarida da ya ga hoto da irin wannan bayani zai iya amfani da shi cikin kwanciyar hankali. In babu, tsallake shi zai yi, ko kuma ya sa shi ya rubuta "daga intanet".

Akwai kuma abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba. Kowane hoto da waya ta ɗauka yana ɗauke da ɓoyayyun bayanai a cikinsa, kamar rana da lokaci da irin wayar. Idan aka tura shi ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi ta rage masa nauyi, waɗannan bayanai kuma su zube. In aka tura shi a matsayin dokumen, yana isa yadda yake. Saboda haka wanda ke riƙe da asalin hoton, mai cikakken girma, tare da 'yan uwansa da aka ɗauka kafinsa da bayansa, shi ne ke da hujja ranar gardama.

Da yawa daga cikin yaranmu sukan goge asali da zarar waya ta cika, su bar kwafin da ke Facebook. Wasu kuma wayar ce ake ƙwacewa, aikin shekaru ya tafi da ita. A ajiye kwafi a filash ko kwamfuta, a ajiye wani a Google Drive ko makamancinsa. Sunan da za a sa a jikin hoto kuma kada ya zama a can bakin gefe inda almakashi zai same shi cikin sauƙi, kada kuma ya zama ƙato a tsakiya har ya kashe hoton. Ya kasance suna ɗaya ne a duk shafuka, da hanyar da za a iya tuntuɓar mai shi.

Su ma na cikin hoton suna da haƙƙi

Mai neman a kiyaye masa suna, wajibi ne shi ma ya kiyaye mutuncin waɗanda yake ɗauka. A 1984 Steve McCurry ya ɗauki hoton wata yarinya 'yar Afganistan a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan. Mujallar National Geographic ta sa shi a bangonta a watan Yunin 1985, ya zama ɗaya daga cikin hotunan da aka fi sani a duniya. Shi ya yi suna, ita kuwa sai a 2002 aka nemo ta aka san cewa sunanta Sharbat Gula.

A wajenmu lamarin ya fi tsauri. Hoton matar aure a bakin rijiya, wanda aka ɗauka ba da saninta ba, zai iya haddasa fitina a gidanta bayan ya yaɗu. Hoton yaro yana buƙatar yardar iyayensa ko malaminsa. Kuma akwai wani tarko da ke jiran duk mai neman idon 'yan waje: da sannu zai gane cewa hoton almajiri da yagaggiyar riga da roba a hannu ya fi saurin jawo tsokaci. Ba na cewa a ɓoye talauci, domin yana nan. Amma wanda ya mayar da yunwar ɗan wani tsanin hawansa, ba tare da ya san sunan yaron ko ya tambaye shi ba, ya yi wa yaron abin da yake kuka ana yi masa.

Yin sallama, neman izini, nuna wa mutum hotonsa a fuskar waya, da komawa a kai masa wankakken kwafi in da hali, su ne ke sa a sake buɗe wa mai hoto ƙofa gobe. Wannan ita ce damar da ɗan gari yake da ita wadda baƙo mai kyamarar miliyoyi ba shi da ita.

"Ai talla muka yi masa"

Na san abin da masu manyan shafuka za su ce. Za su ce da ba su ɗauki hoton ba, da mutum ɗari ne kawai za su gan shi. Za su ce yaron ba sana'arsa ba ce, kuma shi da kansa ya sa a intanet. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar farko: babban shafi yana iya ɗaga ƙaramin mai hoto cikin dare ɗaya. Amma talla ba ta zama talla sai an ambaci mai kaya. Wanda ya kwashi tumatirinka ya raba a kasuwa bai faɗi rumfarka ba, ba talla ya yi maka ba.

Magana ta biyu kuwa doka ba ta yarda da ita ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta sa hoto cikin ayyukan da take karewa har tsawon shekara 50. Ba ta bambanta ƙwararre da ɗan koyo ba, ba ta kuma ce sai an yi rajista ba. Ta ba mai aiki haƙƙin a danganta masa aikinsa, ta kuma tanadi hanyar neman a sauke abin da aka wallafa ba da izini ba. Su kansu Facebook da Instagram suna da fom na kai irin wannan ƙorafi. Sa hoto a shafinka bai mayar da shi na kowa ba.

An gwada wannan a kotu a Amurka. Lokacin girgizar ƙasar Haiti a watan Janairun 2010, Daniel Morel ya sa hotunan da ya ɗauka a Twitter. Wani ya kwafe su ya ce nasa ne, kamfanin dillancin labarai na AFP ya ɗauka ya rarraba, Getty Images ma ya sayar wa jaridu. A 2013 kotu a New York ta ce a biya Morel dala miliyan 1.2. Ban kawo wannan don in zuga tela ya kai ɗan siyasa ƙara ba, domin na san kuɗin lauya ya fi ƙarfinsa. Na kawo shi ne don wanda ke datse suna ya san cewa haƙƙin wani yake ci. Kuma mu da muka yarda cewa haƙƙi ba ya ɓata, bai kamata sai an ambaci kotu za mu gyara ba.

Ƙofofin da ke buɗe

Shafin sada zumunta mafari ne kawai. Akwai wuraren da suna ke tafiya tare da hoto dole. Gasar Wiki Loves Africa, wadda ake yi kowace shekara tun 2014, a buɗe take ga kowa, kuma hoton da aka ɗora a rumbun Wikimedia Commons yana iya shiga maƙalolin Wikipedia na Hausa da na sauran harsuna da sunan mai shi. Sai dai a shiga da ido buɗe: lasisin da ake amfani da shi a can ya ba kowa damar amfani da hoton, har a harkar kasuwanci, muddin ya ambaci wanda ya ɗauka. Wanda ke son sayar da wani hoto nan gaba, sai ya ware shi.

Gasar Sony World Photography Awards tana da sashen da kowa zai iya shiga kyauta. Akwai bikin LagosPhoto da aka fara a 2010, akwai na Bamako da ake yi duk bayan shekara biyu tun 1994. Ko ba a kai ga shiga ba, duba ayyukan da suke zaɓa makaranta ce. A yi hattara kuma da gasar da ke neman kuɗin shiga mai yawa, ko wadda sharuɗɗanta suka ce duk hoton da aka aiko ya zama nasu.

Kada kuma a raina gida. Hotuna goma sha biyar da aka wanke aka rataye a zauren makaranta ko ɗakin karatu na gari, aka gayyaci mai unguwa da waɗanda ke cikin hotunan, suna iya kawo wa matashi aikin da laik dubu ba su kawo ba, domin masu ba da aikin biki da na taro a nan suke. Wurare irin su Gidan Makama a Kano da Arewa House a Kaduna za su yi babban alheri in suka ware bango ɗaya ga matasan da ke ɗaukar garuruwansu a yau. Haka ma jaridunmu na Hausa: fili ɗaya a mako na hoton mai karatu, da sunansa da ɗan abin sayen data, ba zai karya kowa ba.

Abin da ke hannunmu

Yawancin tsofaffin hotunan biranenmu da muke yaɗawa muna alfahari da su, Turawan mulkin mallaka ne suka ɗauka, abin da ya ba su sha'awa suka zaɓa, kuma asalinsu yana ɗakunan ajiyarsu. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Masu son hotunan wannan hawa da ire-irensa za su ƙaru. Yau kusan kowane lungu akwai yaro ko yarinya da ke riƙe da kyamara a aljihu. In muka bari aikinsu ya ci gaba da yawo babu suna babu kwanan wata, jikokinmu za su gaji tarin hotuna da ba su san na ina ba ne, mai neman sahihin hoto kuma zai koma wurin baƙo ya saya.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Mai babban shafi ya tura saƙo ya nemi izini, ya rubuta suna a layin farko, ba a can ƙarshen rubutu ba. Ɗan siyasar da ke da kuɗin buga fosta dubu yana da kuɗin biyan wanda ya ɗauki dokin da ke jikinta. In ba a san mai hoto ba, Google Lens yakan taimaka a gano inda aka fara wallafa shi. Wanda kuma yake da ƙani ko ɗiya mai wannan baiwa, ya taya su zaɓen hotuna goma mafiya kyau, ya taya su rubuta bayani, ya kai su wurin wanda ya dace.

Ɗan aminina yana nan a kan kekensa, yana kuma ɗaukar hotunan tsofaffin telolin Zariya ɗaya bayan ɗaya, kowanne da sunansa da shekarar da ya fara ɗinki. Wata rana ɗaya daga ciki zai iya faɗowa cikin wayarka. In ya burge ka har za ka tura wa wani, ka duba ko sunan yana nan. In babu, ka tambayi wanda ya turo maka: wa ya ɗauka?